Murar da ke kwantar da mutum: abin da ya kamata ku sani game da infuluwenza

Akwai murar da mutum ke yi yana kan harkokinsa. Hanci ya toshe, ya yi ta atishawa da fyace majina, maƙogwaro ya ɗan yi ƙaiƙayi, amma ya je kasuwa, ya je ofis, ya yi sallolinsa a masallaci, bayan 'yan kwanaki ta wuce. Akwai kuma wadda ba ta yin sallama. Mutum ya fita da safe garau, kafin la'asar jiki ya ɗau zafi rau, sanyi na kaɗa shi ko da ya lulluɓa da bargo biyu, kai na sara, gaɓoɓi duk sun yi tsami, ga busasshen tari mai ƙona ƙirji. Ko zuwa bayan gida sai ya dafa bango. Wannan ta biyun ce likitoci ke kira infuluwenza, kuma ƙwayar cutar da ke kawo ta daban take da masu kawo murar yau da kullum.

Ga yawancin masu ƙarfi a jika, zazzaɓin kan sauka cikin mako guda, ko da yake tarin da kasalar na iya kai mako biyu ko fiye. Shi ya sa ake raina ta. To amma da wuya ka sami gida a ƙasar Hausa da babu jariri, ko mai juna biyu, ko tsoho, ko mai sikila, ko mai ciwon suga. Ciwon da ya kwantar da saurayi kwana huɗu ya tashi yana iya zama ajalin ɗaya daga cikin waɗannan, kuma sau da yawa saurayin ne ya shigo da shi gidan.

Ba sanyi ne ke kawo ta ba

Mun saba cewa sanyi ya kama wane, ko ruwan sanyin da ya sha ne, ko wankan asuba. Sanyi shi kaɗai ba ya haifar da infuluwenza. Ƙwayar bairos ce, daga wani mutum take fitowa ta shiga wani. Idan mai ciwon ya yi tari ko atishawa, ɗigon yawu da majina na fantsama, na kusa da shi ya shaƙa. Haka nan idan ya tare tarin da tafin hannu sannan ya miƙa hannun aka gaisa, ko ya kama buta ko mariƙin ƙofa, wani ya taɓa ya kai hannunsa hanci ko ido. Daga shigarta jiki zuwa bayyanar ciwon kwana biyu ne galibi, yana iya zama ɗaya, yana iya kai huɗu. Mutum kan fara yaɗa ta tun kwana guda kafin ya san ba shi da lafiya, ya ci gaba har kwana biyar zuwa bakwai. Yara ƙanana sun fi haka daɗewa.

Duk da haka iyayenmu da suka haɗa ta da hunturu ba su yi kuskuren lokaci ba. Ƙwayar ta fi jimawa a busasshiyar iska mai sanyi, ƙura na bushe hanci da maƙogwaro, ga shi kuma lokacin ne ake rufe ƙofa da taga a cunkushe a ɗaki guda. A Nijar, bin sawun cutar da cibiyar bincike ta CERMES ke yi a Yamai ya nuna ta fi yawa a watannin sanyi. A Senegal kuwa da damina ta fi tashi. A ƙasashe masu zafi irin namu ana iya kamuwa da ita a kowane wata, ba kamar Turai ba inda take da lokacinta tsayayye. Najeriya ta fara bin sawunta a wasu zaɓaɓɓun asibitoci tun 2008, ciki har da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda ake ɗaukar samfur daga hanci da maƙogwaron marasa lafiya a gano irin ƙwayar da ke yawo.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum biliyan ɗaya ke kamuwa da ita a kowace shekara, miliyan 3 zuwa 5 ciwon ya yi musu tsanani, 290,000 zuwa 650,000 kuma su rasu ta dalilin matsalar numfashi. Cikin yara 'yan ƙasa da shekara biyar da take kashewa ta hanyar ciwon huhu, kashi 99 cikin ɗari a ƙasashe masu tasowa suke. Wannan adadi na ƙarshe ya isa ya kawar da tunanin cewa ciwon Turawa ne.

Najeriya ma ta taɓa ganin mafi muninta. A watan Satumba na 1918 annobar da kakanninmu suka kira marisuwa ta sauka a Legas ta jirgin ruwa, ta bi layin dogo da hanyoyin fatake ta iso Arewa. Masana tarihi sun ƙiyasta ta kashe kusan mutum 500,000 a Najeriya, a lokacin da jama'ar ƙasar ba su wuce miliyan 18 ba, a duniya kuma wajen miliyan 50. Irin wannan na faruwa ne idan sabon nau'in ƙwayar da jikin mutane bai taɓa haɗuwa da shi ba ya ɓulla, kamar yadda aka sake gani a 1957 da 1968 da 2009. Murar tsuntsaye da aka fara tabbatar da ɓullarta a Afirka a wata gonar kaji a Jihar Kaduna a watan Fabrairu na 2006 dangin wannan ƙwaya ce, amma maganarta daban, kuma allurar shekara-shekara da za mu zo kanta ba ta kare mutum daga ita.

“Ba ni na maleriya”

Ku tsaya minti goma a kemis ɗin unguwa cikin watan Janairu. Magidanci zai shigo da rawani a wuya, ido ya yi ja, ya ce, “Malam, zazzaɓi ke damuna tun jiya, haɗa mini na maleriya.” A ƙirgo masa maganin zazzaɓin cizon sauro, a ƙara da kafso ja da baƙi, a ƙara da na mura, a ƙulle a leda. Ba a auna zafin jikinsa ba, ba a ɗiga jininsa a kan abin gwaji ba. Bayan kwana huɗu ya ji sauƙi, ya ce maganin ya yi aiki, alhali wataƙila jikinsa ne ya yi yaƙinsa.

Infuluwenza da zazzaɓin cizon sauro sun yi tarayya a zafin jiki, rawar ɗari, ciwon kai da ciwon gaɓoɓi. Tari, ciwon maƙogwaro da majina sun fi karkata ga infuluwenza, haka nan idan mutanen gida suna kwantawa ɗaya bayan ɗaya cikin mako guda. Amma ido ba ya raba su da tabbas, kuma mutum na iya ɗauke da duka biyun. Gwajin maleriya na ɗigon jini ba ya wuce minti 20. A ganina duk mai zazzaɓi ya kamata ya fara da shi, domin maleriyar da aka bari tana kisa, maganinta da aka sha babu ita kuma asarar kuɗi ce.

Su Ampiclox da amoksisilin da Septrin bakteriya suke kashewa, ba sa taɓa bairos ko kaɗan. Shan su a kan mura ba ya rage ko kwana ɗaya, sai dai ya koya wa ƙwayoyin bakteriya jure maganin, ranar da ake buƙatarsa da gaske ya ƙi ci. Inda suke da amfani shi ne idan bakteriya ta biyo bayan murar ta kama huhu ko kunne, wannan kuma ma'aikacin lafiya ne zai tantance.

A tuna kuma cewa rani lokacin sanƙarau ne da zazzaɓin Lassa, kuma korona ba ta tafi ba. Zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko zubar jini, ko zazzaɓin da ya ƙi sauka bayan kwana uku, ba na zaman gida ba ne.

Waɗanda ya kamata a sa wa ido

Na farko yara 'yan ƙasa da shekara biyar, musamman waɗanda ba su kai biyu ba. Hanyoyin numfashinsu ƙanana ne, garkuwar jikinsu ba ta gama ƙwari ba, idan kuma akwai tamowa abin ya ƙara muni. Yaro ba zai ce wa uwarsa gaɓoɓinsa na ciwo ba. Zai ƙi nono, ya yi ta rigima ko ya yi laushi, wani lokaci da amai da gudawa. Abin tsoron shi ne ciwon ya gangara huhu ya zama limoniya, kuma akwai hanyar da kowace uwa za ta iya ganewa a ɗakinta. Ki bari sai ya yi shiru, ba yana kuka ba. Ki ɗaga rigarsa, ki sa agogon waya, ki ƙirga sau nawa cikinsa ya ɗaga ya sauka a minti ɗaya cur. Jaririn da bai kai wata biyu ba, 60 ko fiye ya yi yawa. Daga wata biyu zuwa wata 11, 50 ko fiye. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40 ko fiye. Sannan ki dubi ƙasan haƙarƙarinsa: idan wurin na faɗawa ciki duk lokacin da ya ja numfashi, ki goya shi sai asibiti, ko da tsakar dare ne. Haka nan idan ya kasa shan komai, ko yana amayar da duk abin da ya sha, ko ya yi jijjiga, ko ana tashinsa ba ya farkawa sosai, ko leɓɓansa da harshensa sun sauya launi. Jaririn da bai kai wata uku ba kuwa, zazzaɓi kaɗai ya isa dalilin kai shi.

Sai mai juna biyu. Ciki na tura huhu sama, zuciya na aikin mutum biyu, garkuwar jiki kuma ta sauya. Matar da a da za ta yi infuluwenza tana girki tana iya kasa numfashi a watannin ƙarshe na ciki, ciwon kuma na iya jawo haihuwa kafin lokaci. Haɗarin ba ya ƙarewa ranar haihuwa, yana bin mai jego har kusan mako biyu. Kunya da kawaici na sa matanmu su yi shiru da ciwo, don haka nauyin na kan miji da uwar miji su lura.

Tsofaffi, daga shekara 65 zuwa sama, nasu ya fi ruɗarwa, domin sau da yawa jikin ba ya yin zafi sosai. Sai dai a ga Baba ya ƙi abinci, ya kasa fita masallaci, yana magana ba kan gado, ko Inna ta faɗi a tsakar gida. A ce tsufa ne. Tsohon da jiya yake cikin hayyacinsa yau ya rikice, ciwo ne ya shige shi, a kai shi a duba. Cutar ba huhu kaɗai take taɓawa ba. Wani bincike da aka buga a 2018 daga Kanada ya gano cewa haɗarin bugun zuciya na ninkawa kusan sau shida a makon farko na kamuwa da ita.

Masu sikila sun cancanci a ambace su daban, domin babu ƙasar da ta kai Najeriya yawansu: ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da ita a kowace shekara. Infuluwenza na iya tayar musu da ciwon ƙashi, ko ta kai su ga ciwon ƙirji mai tsanani da ke hana jini samun iska. Mai sikila da ya yi zazzaɓi, ko da tari ko babu, ranar ya kamata likita ya gan shi. Haka masu asma, ciwon zuciya, ciwon ƙoda ko hanta, tarin fuka, masu ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau da masu shan maganin daji. Mai ciwon suga ya sani sugansa na iya hauhawa ko da ba ya cin abinci, ya yawaita aunawa, kada kuma ya ajiye maganinsa ba da shawarar likita ba. Ma'aikatan asibiti su ma suna cikin jerin, don su ne suka fi haɗuwa da ita, kuma suna iya kai wa marasa lafiyar da ke hannunsu.

Ga babba ko yaro, akwai alama ɗaya da ake yawan sakaci da ita: mutum ya fara samun sauƙi, zazzaɓi ya sauka, sai bayan kwana biyu ya dawo da ƙarfi tare da tari mai kauri da ciwon ƙirji. Yawanci limoniya ce ta biyo baya.

Jinya a gida

Wanda ba ya cikin waɗancan rukunai, kuma numfashinsa lafiya lau, hutu yake buƙata da ruwa mai yawa: kunu, koko, farfesu, shayin citta da lemun tsami, duk abin da zai iya haɗiya. Farasitamol na sauke zazzaɓi da ciwon jiki, amma a duba takardar maganin mura na kemis, domin yawancinsu da farasitamol a ciki, haɗa biyun kuma na iya wuce ƙima ya cutar da hanta. Kada a ba yaro ko matashi asfirin, ko garin magani irin Alabukun da ke ɗauke da shi, domin tare da wannan ciwo yana iya jawo wata cuta mai lalata hanta da ƙwaƙwalwa. Zuma na lafar da tari, amma ba a ba jaririn da bai cika shekara ba. Mai shayarwa ta ci gaba da ba da nono ko ita ce ba ta da lafiya, ta wanke hannu, ta rufe hanci da baki. Kaskon garwashi a rufaffen ɗaki kuwa a bar shi: hayaƙin na ƙara wa huhu wahala, iskar da ke fita daga gawayi kuma na kashe mutane cikin barci.

Akwai maganin da ke yaƙar ƙwayar kanta, oseltamibir, wanda aka fi sani da Tamiflu. Ya fi amfani idan an fara shi cikin awa 48 da soma ciwo, likita ne ke rubuta shi, kuma ba kowane kantin magani ke da shi ba. Wannan ma dalili ne da zai sa masu rauni su je asibiti da wuri, kada su tsaya “a ga yadda za ta kwana”.

Allurar da ake sabuntawa duk shekara

Mutane kan tambaya: allurar ƙyanda sau ɗaya ko biyu ake yi a gama, me ya sa wannan sai an maimaita? Ƙwayar infuluwenza ɓarawo ne mai sauya riga. Garkuwar jiki ta gane shi bara da shuɗiyar riga, bana ya dawo da fara, mai gadi ya bar shi ya wuce. Ƙari a kan haka, kariyar da allurar ke bayarwa na raguwa bayan wasu watanni. Saboda haka tun 1952 Hukumar Lafiya ta Duniya ke da tsarin ɗakunan gwaje-gwaje, yanzu a ƙasashe fiye da 120, masu tattara samfurin ƙwayar duk shekara. A watan Fabrairu masana su zauna su zaɓi nau'o'in da za a sa a allurar ƙasashen arewacin duniya, a watan Satumba na kudanci. Kamfanoni na ɗaukar kusan wata shida suna haɗawa, yawanci ta hanyar renon ƙwayar a cikin ƙwan kaji sannan a kashe ta. Allurar yanzu na ɗauke da nau'i biyu na rukunin A, wato H1N1 da H3N2, da kuma na rukunin B.

Ba ta kare mutum ɗari bisa ɗari, kuma bai kamata a ɓoye wannan ba. A shekarar da hasashen masana ya dace da ƙwayar da ke yawo, tana rage haɗarin kamuwa da kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari. Wata shekarar ba ta kai haka ba. Amma wanda ya yi ta kuma ya kamu, sau da yawa ciwon kan zo masa da sauƙi, bai kai ga gadon asibiti ba. Ga tsoho mai ciwon zuciya ko yarinya mai sikila, wannan ba ƙaramar riba ba ce. Ƙwayar da ke cikin allurar matacciya ce, ba za ta iya sa wa mutum infuluwenza ba. Abin da akan ji shi ne tsamin dantse, wani lokaci ɗan zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu. Jiki na buƙatar kusan mako biyu kafin kariyar ta kankama. Ana yin ta daga wata shida da haihuwa, yaron da bai kai shekara tara ba kuma, idan karonsa na farko ne, sau biyu ake yi masa da tazarar mako huɗu. Wanda allurar ta taɓa tayar masa da mummunan borin jiki ya gaya wa likita kafin a sake.

Hujjar da ta fi kusa da mu daga Mali ta fito. A Bamako an yi gwaji da mata masu juna biyu fiye da 4,000 tsakanin 2011 da 2014. Jariran matan da aka yi wa allurar sun sami raguwar kamuwa da infuluwenza da kusan kashi biyu cikin uku a watanni huɗu na farkon rayuwarsu. Uwa ce ke miƙa wa ɗanta kariyar ta mahaifa, a daidai lokacin da shi ba a iya yi masa allurar.

Na san ana ɗari-ɗari da allura a Arewa, kuma ba haka kawai ba. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ya bar tabo, ya kuma taimaka wajen ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. Mai tambaya yana da haƙƙin a ba shi amsa ba tare da an raina shi ba. Amsar a nan ita ce allurar infuluwenza ba sabon abu ba ne da ake gwadawa a kanmu. Tun shekarun 1940 ake amfani da ita, ana yi wa ɗaruruwan miliyoyin mutane duk shekara, kuma ƙasashen da ke ƙera ta su suka fi kowa yi wa tsofaffinsu da matansu masu ciki.

Matsalarmu ta gaskiya ita ce samunta. Ba ta cikin rigakafin yara na kyauta da ake yi a asibitocin gwamnati a Najeriya. Sai a wasu asibitoci masu zaman kansu da manyan kantunan magani a birane, kuma da kuɗi. Ina ganin lokaci ya yi da hukumomin lafiya za su fara da masu zuwa awon ciki da masu zuwa asibitin sikila, tunda suna da ranakun zuwansu, ba sai an bi su gida ba. Kafin nan, gidan da ke da halin allura ɗaya ko biyu ya fara da mafi rauni. A yankinmu ya fi dacewa a yi ta kafin hunturu ya kankama, wajen Oktoba ko Nuwamba. Mai saye ya tambayi ta wace shekara ce, ya duba ranar ƙarewar aikinta da lambar NAFDAC, ya kuma tabbata daga firji aka ɗauko ta, domin tsakanin digiri 2 zuwa 8 ake ajiye ta.

Maniyyata aikin Hajji da Umara su ma su sa ta a lissafi. Kowa ya san tarin da alhazai ke dawowa da shi. Ma'aikatar lafiya ta Saudiyya na ba mahajjata shawarar yin allurar, musamman tsofaffi, masu ciki da masu ciwon da ya daɗe, kuma a yi ta aƙalla mako biyu kafin tashi ya fi. Iyaye kuma kada su yi wasa da rigakafin yara na kyauta. Allurar penta da ta limoniya ba sa hana infuluwenza, amma suna kare yaro daga bakteriyar da ke biyo bayanta ta kama huhu.

Sauran kariyar a hannunmu take. Mai zazzaɓi da tari ya zauna a gida har ya kwana ɗaya cur babu zazzaɓi, ya yi sallarsa a ɗaki, kada a tura yaro makarantar boko ko ta allo yana rawar ɗari. A yi tari a cikin gwiwar hannu ko hankici, a wanke hannu da sabulu, a buɗe taga ko da sanyi, a ware wa majinyaci kofinsa da cokalinsa. Ranar suna da kwanakin barka, inda jariri ke yawo daga hannu zuwa hannu, duk mai tari ko majina ta yi barkarta daga bakin ƙofa, kuma kakar jaririn ce ta fi kowa ikon faɗin haka ba tare da an ji haushi ba.